Bindigar da na zaɓa tana Amurka

Laifin data ne. Na sayi ta dare, na faɗa YouTube, na tarar da wasu Turawan Amurka suna gardama a kan ƙaramar bindigar da ta fi dacewa mafarauci ya rataya a ƙugu saboda zomo da ƙananan tsuntsaye. Ni da ko kaza ban iya yankawa ba sai na kira maƙwabci, sai ga ni na ɗauki ɓangare.

Mako uku ina bincike. Na tsaya a kan harsashin .22, ɗan siriri, faɗinsa bai kai milimita 6 ba, ba ya ture hannu. Wata fistol mai suna Ruger Mark IV ta burge ni, amma na ga libarba ta fi amana, idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai ka sake jan kunama ta juyo da na gaba. Daga ƙarshe na yanke hukunci a kan libarba ƙirar Smith & Wesson 317, mai cin harsashi 8, nauyinta ko rabin kilo bai kai ba. Har hotonta na sa a fuskar waya, na cire na 'yata Ummi.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tari Baba Sufeto, tsohon ɗan sandan layinmu a Ɗorayi, na nuna masa, na ce ina ake yankan lasisi? Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Yaro, kana da lambar shugaban ƙasa?"

Na ce a'a, Baba.

"To, a dokar makamai ta 1959, fistol da libarba suna cikin haramtattu, shi kaɗai ke ba da izininsu. Bindigar tsuntsu sai Sufeto Janar. Ta toka, kwamishina. Kai kuma na ga ko ta biki ba ka taɓa riƙewa ba."

Jikina ya yi sanyi, amma na riga na cika wa Maman Ummi baki cewa ranar Asabar za ta ci naman daji. Na bi ayarin mafarautan unguwa zuwa wajen Rano, a bayan akori-kura, ni da karnuka tara. Ɗaya ya ɗora haɓarsa a cinyata tun daga Na'ibawa, ban yi gigin motsi ba.

Da muka sauka shugaban ayari ya dube ni sama da ƙasa, da takalmin kambas da hular rana, ya ce, "Ɗan boko, kai ne mai son mara nauyi? Riƙe wannan." Harbi-ka-ruga ce, tsawonta ya kusa kai ni, an ɗaure gindinta da roba da layu, tana warin albarushi da man ja. Bai ce in harba ba, dako kawai zan yi. Kafin azahar kafaɗata ta daina jin magana. Ƙaya ta cinye wandona. Da zabi suka tashi fir a gabana, ni ma na tashi, sai dai gabas suka yi, ni na yi yamma, ina salati, kare na bi na yana tsammanin na ga wani abu.

Duk wannan, wani yaro da bai wuce shekara 12 ba yana gefe da danƙo da tsakuwa cike da aljihu. Kurciya biyar ya kayar. Mara nauyi, ba ya ƙin tashi, babu ruwansa da shugaban ƙasa. Na ja shi bayan wata kuka muka daidaita a kan guda uku, na ba shi abin da ke aljihuna, saura ɗari biyar.

Da magariba ina tsakar gida a kan tabarma, ina kwatanta wa Maman Ummi yadda na durƙusa na auna, ta saki baki, Ummi na shafa fuka-fukan, sai aka yi sallama a zaure.

"Wai a ce da Baban Ummi mai danƙo ne, ya zo karɓar cikon kuɗin kurciya."