"Ai ta ce to"

Tun da na dawo daga Tawa maganar ƙanwarmu ta hana ni barci. Kun dai ji abin da kawunanta suka kafe a kai: "Ai mun tambaye ta, ta ce to." Shi ke nan wai, an raba goro, an sa rana.

Wace to ɗin?

Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san to ba ɗaya ba ce. Akwai ta yaron da aka aika kasuwar Katako sayen ƙusa, gajeriya, kafin ka rufe baki ya kai ƙofar gida. Akwai "to?" ta mai jiran ka ƙarasa masa labari. Tsohuwa ta ji buhun hatsi ya ƙara jika biyar, ta dafe ƙirji ta ce "to fa!" Tela a Babbar Kasuwa, salla saura kwana uku, kowa ya kawo yadi to yake ce masa, kuma shi da kai kun san ba alkawari ya ɗauka ba. Ka yi wa mutum faɗa ya ce "to, na ji", rufe maka baki ya yi. "To sai me?" kuwa neman rigima ne tsagwaronsa.

Sai wadda ake ja a hankali, murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye. Ita yarinyar nan ta faɗa. Ina cikin ɗakin. Yatsanta na tsintar bakin tabarma, ta ce "Tooo, Kawu." Ma'anarta: ba ni da bakin musa muku. Ba yarda ba ce, kuma wallahi kowa a wurin ya gane.

Kar wanda ya zo mini da zancen kunya. To ɗin kunya da murmushi take zuwa, yarinya ta rufe fuska da mayafi ta ruga wajen innarta. Wannan ko motsi ba ta yi ba. Dattijon da ke gane to ɗin dillali a kasuwar dabbobi, shi ne zai kasa gane ta ɗiyar ƙanwarsa? Sun ji, so ne ba su yi su ji ba. Ba ta yarda ba!

Ni abin har ya sa na tsani to a rubuce. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma a waya haruffa biyun nan ba sa nuna hawa ko saukar murya. Jiya na tura wa yayana dogon bayani a WhatsApp kan maganar, ya maido mini "to". Na kira shi sau uku, bai ɗauka ba. Don Allah in za ku ba ni amsa, ku aiko da murya.