Ranar da Ƙofar Kawu Ta Ɓace a Kwamfuta

Cika bakina ne ya jawo min. Kawu mai walda ne, an ba shi aikin ƙofa mai baka a sama, irin mai tsinin nan kamar ta masallaci. Ni kuma sati biyu ke nan da na fara taɓa OpenSCAD, manhajar da ba a zane da hannu a cikinta, sai dai ka rubuta umarni da lambobi ta fitar maka da siffa. Na ce, "Kawu, ku bar min wannan. Minti biyar."

Dabarar ba wuya. Da'ira biyu masu girma ɗaya, cibiyar kowacce a kan gefen 'yar uwarta. Inda suka shiga juna sai ya fito kamar ƙwallon dabino, ka yanke rabin sama, ga baka. Idan faɗin ƙofa santimita 90 ne, tsinin zai tashi wajen 78. Na rubuta, abu ya fito, sai dai gefensa gaɓa-gaɓa kamar an sassaƙa da gatari, domin manhajar gefe 30 kacal take ba da'ira in ba ka ce ta ƙara ba. Na mai da shi 200, ya yi sumul. Har na fara karkata hula.

Kawu ya leƙo, ya ce mai gida ya canja magana, 120 yake so. Na ce ai nan ne daɗin abin yake, lamba ɗaya za a taɓa, sauran su bi. Na taɓa.

Ƙofa ta tsuke. Ta koma 60.

Ashe tazarar cibiyoyin kaɗai na ɗaure da faɗin ƙofa, girman da'irorin kuwa na buga 90 da hannu na manta. Duk faɗin da na ƙara, nesanta su nake yi. A lokacin ban gano ba, gumi kawai ke karyo min. Yaran shago sun ajiye aiki sun zagaye ni. Cikin ruɗewa na buga 200, wai ko za ta buɗe. Da'irori suka rabu, ba inda suka haɗu kuma, allo ya yi fayau. Ƙofa ko sama ko ƙasa.

"Injiniya," in ji Kawu, "ɓarayi sun cire ta ne?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauko ƙusa da igiya da guntun alli, ya durƙusa a siminti. Ya sa yaro ya danne ƙusa a wannan kusurwa, ya ja baka da igiya mai tsawon faɗin ƙofa, suka koma ɗaya kusurwar ya sake ja. Layukan suka haɗu a sama tsaf. Ya sa tef ya auna: 104.

Da daddare na gyara nawa, layi ɗaya ne tak. Ya ba ni 103.9. Washegari na kai masa da zumuɗi, ya duba ya jinjina kai, sannan ya miƙo min bakin igiya ya ce in riƙe, yaronsa ya tafi sayo shayi.