Sulhun gaban bagade kaɗai ba ya kashe rigimar ikilisiya

'Yan'uwa cikin Kristi, mu daina kiran mutum biyu gaban bagade su rungumi juna, zumuntar mata ta buga tulu, mu ce an gama. Idan ba a taɓa maganar baiko, makullin coci da canjin fasto ba, bayan wata uku wutar za ta sake tashi.

Matiyu 18:15-17 ya ba mu mataki uku idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi: kai da shi kaɗai, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Mu kuwa daga na ukun muke farawa, a wa'azi ko a zauren WhatsApp. Wanda aka kunyata a bainar jama'a da wuya ya ce "na yi kuskure".

Masu sulhu su fito daga wata gunduma, kada a sa wanda ke karɓar albashi daga hannun ɗaya daga cikin ɓangarorin. Su saurari kowane ɓangare shi kaɗai kafin zaman haɗaka. Muddin ana wannan zama, a dakatar da canjin ma'aikata, da sa mutane a horo, da sauya masu sa hannu a banki. Horo a tsakiyar rigima, ko da gaskiya aka yi shi, ramuwa ake ɗaukarsa.

Littafin ma'aji kuwa a buɗe shi. Mai bincike daga waje ya duba baiko, zakka da kuɗin gini, a karanta rahoton a gaban membobi. A Ayyukan Manzanni 6, da masu jin Helenanci suka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce a je a yi addu'a kawai ba. An zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci, wato da alama daga ɓangaren masu kukan. Wa ke yin haka yau idan rigimar ta ƙabila ce?

Wani lokaci rabuwa ba ta da makawa. Mun ga yadda ta kasance wa ikilisiyar Methodist a Taraba a 2024, har aka rasa rayuka a ƙauyen Munga Dosa. Idan an kai nan, tun kafin lauyoyi su shigo a rubuta wa zai riƙe gini, makaranta da maƙabarta, da ƙarfe nawa kowane ɓangare zai yi sujada, kowa ya sa hannu a riƙe kwafi.