Yaya, Wace Tambaya Ka Ce In Yi?

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ogan gidan talabijin ɗinmu ya matsa sai mun yi shirin kiran waya kai tsaye a kai. Muka gayyaci ciyaman, ya turo kansila. To, haka nan.

Kun san ciwon shirin namu. Lamba na ta yawo a ƙasan allo, amma waya shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ne na yi dabara. Na sa wa autanmu katin naira 500, na rubuta masa tambaya a kan asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, na ce ya kira ƙarfe takwas da kwata, ya ce shi manomi ne daga ƙauye.

Takwas da kwata waya ta yi ƙara. Mai gabatarwa ta gyara mayafi: "Assalamu alaikum, da wa muke magana?"

"A ba ni Yaya."

"Malam, kai tsaye kake a talabijin."

"Na sani, ai ina ganinku. Yaya, takardar da ka ba ni Umma ta ƙunshe ƙuli a ciki. Wace tambaya ka ce in yi?"

Ina tsaye bayan gilashi da abin sauraro a kunne, na rasa maɓallin da zan danna. Na danna wani, ashe na ƙara sauti. Yaro ya ambaci sunana har da na mahaifinmu, wai ko ba a gane wane Yayan ba. Kansila ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Allah ya shirya."

Duk wannan bai ƙona min rai kamar Baba mai kyamara ba. Dariya ya yi har hoto ya karkace, masu kallo suka koma ganin fanka. Mutumin da tun Babbar Sallah nake binsa naira 2,000! Ni na rufa masa asiri ranar da barci ya kwashe shi ana tsakiyar karanta kasafin kuɗi. Yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya matso ya raɗa min, "Yaya, ina takarda?"

Auta kuma cewa ya yi saura naira 140 a katin, ko ya sake kira mako mai zuwa.