A haɗa shugabancin kwana-kwana, amma kada a taɓa tashar unguwa

'Yan'uwa mazauna Makka da Jidda, musun nan na ko kowace ƙaramar hukuma ta riƙe 'yan kwana-kwananta ko a haɗa su ƙarƙashin yanki guda, a ganina haɗawar ta fi. Sai dai akwai abin da ake haɗawa, akwai wanda in an taɓa shi rai ne zai salwanta.

A nan Saudiyya an daɗe da wuce wajen. Difa'ul Madani, wato hukumar 'yan kwana-kwana ta ƙasar, na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, lambarsu 998, kuma a yankin Makka 911 ta haɗa su da sauran jami'an tsaro a ɗakin amsa kira ɗaya. Ba don haka ba da aikin Hajji bai yiwu ba, domin daga yankuna ake kwaso motoci da ma'aikata a jibge a Mina. Gobarar 1997 da ta ci alhazai sama da 300 ita ta jawo tantunan da wuta ba ta ci.

Amfanin haɗawa a kayan aiki yake. Motar kashe gobara lita 3,000 zuwa 5,000 take ɗauka, mesa ɗaya kuma tana iya zubar da lita 400 zuwa 500 a minti. Ku yi lissafin da kanku: tsakanin minti shida zuwa sha biyu da rabi ruwa ya ƙare. In babu famfon gobara a titi, dole tanka ta biyo baya. To a ce tankar ta maƙwabta ce, ta iso, bakin mesarta bai shiga na motarku ba saboda kowa da inda ya yi sayayya. Ga ruwa, ga wuta, an tsaya kallo. Haka tulun iskar numfashi, wanda da ƙyar yake wuce rabin awa a bayan mai aiki cikin hayaƙi, in ba iri ɗaya ba ne ba a musanye. Motar tsani kuwa ta fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma ɗaya.

Inda ake yin ɓarna shi ne a fake da haɗewa a rufe ƙananan tashoshi wai don tsimi. Ɗaki mai katifar soso da labule kan kama baki ɗaya cikin minti biyar ko ƙasa. Duk wanda ya san lungunan Shara Mansur a Makka da gidajen kan dutse ya san babbar mota ba ta shiga, sai ƙarama ko a ja mesa a ƙafa, kuma direban da ya saba da unguwar ne kaɗai ya san ta ina zai ɓullo. Mai amsa waya daga nesa bai san "bayan masallaci" ba.

Turawa ma sun gwada. Sikotland ta haɗa rundunoni takwas zuwa ɗaya a 2013, Holan ta raba ƙasarta yankuna 25. Ingila kuwa ta so ta tattara ɗakunan amsa kira zuwa tara, manhajar ta ƙi aiki, aka watsar da shirin a 2010 bayan asarar fam miliyan 469.

Saboda haka a fara da daidaita bakin mesa da tashar rediyon oba-oba, a yi atisaye tare, a ƙirga minti nawa mota ke yi zuwa kowace unguwa, sannan a zo kan maganar ofis. Mu kuma kowa ya manna gajeren adireshinsa na ƙasa, haruffa huɗu da lambobi huɗu, a bayan ƙofa, ya koya wa yara karanta shi a waya.