Jan ƙasa da ciyawa: abin da karon Evert da Navratilova ya tayar mini

A ƙarshen watan Yuni wani abokin aikina ya gayyace ni ƙaramin kulob ɗinsu na wasan tanis a kudancin Landan, kuma a can aka faɗa mini maganar da har yau ba ta bar raina ba. Filaye huɗu ne na ciyawa, an aske su daidai wa daida kamar an shimfiɗa darduma, an ja musu farin layi, an kewaye su da shingen itatuwa masu duhun ganye. Kowa sanye da fararen kaya, ana magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan gaisuwa, kuma da yayyafi ya fara sai aka sauke raga aka jawo wata babbar tamfol aka lulluɓe filin, domin ciyawar nan ba ta jure a taka ta tana jiƙe. Muna zaune muna jiran ruwa ya ɗauke wani dattijo ya ce gwanin gaskiya a kan ciyawa ake gane shi, shi ya sa Martina Navratilova ta fi Chris Evert, ita kuwa jan ƙasa filin masu jiran abokin karawa ya yi kuskure ne. Sai ya juyo ya tambaye ni ko ciyawa tana fitowa a garinmu.

Na ba shi amsa cikin ladabi, amma na koma gida da ɗacin abin. A daren na kira yayana a Sakkwato na ba shi labari. Ya ce, "Ƙanena, ai wanda bai taɓa kokawa a kan yashi ba, bai san nauyin ƙafarsa ba." Da wannan maganar na kwana.

Matan nan biyu sun kara sau 80 tsakanin 1973 da 1988. Navratilova ta ci 43, Evert ta ci 37, kuma kowacce ta daina wasa da manyan kofuna 18 na wasan ɗaya da ɗaya a hannunta. Dattijon ya tsaya a kan 43 da 37, ni kuwa ina ganin wanda ya tsaya nan bai fara lissafi ba. A kan ciyawa Navratilova ce a gaba da 10 da 5, a kan jan ƙasa kuwa Evert ta ci 11, ta faɗi sau 3 kacal. Ke nan a cikin karo 80, sau 14 kawai aka taka ƙasar da Evert ta fi ƙarfi a kai, alhali sama da karo 30 an yi su ne a cikin rufaffen ɗaki a kan shimfiɗa mai gudun ƙwallo, wadda ta dace da salon Navratilova. Duk wanda ya taɓa zama a dandalin kokawa ya san ba a yi wa ɗan wasa adalci ba idan kullum shi ne baƙo.

Dalilin bambancin a ƙasa yake. Ciyawar Wimbledon, filin babbar gasar tanis ta Landan, wadda ake askewa zuwa milimita 8, tana sa ƙwallo ta zame ta taho da gudu ba tare da ta tashi sama ba, don haka mai bugun farko da ƙarfi, wanda zai rugo gaban raga ya tare, yakan gama magana da bugu biyu ko uku. Haka Navratilova take wasa, ga ta bahaguwa, kuma da haka ta ci Wimbledon sau 9, shida daga ciki a jere daga 1982 zuwa 1987. Filin Roland Garros na Faris kuwa, inda ake babbar gasar Faransa, garin jan bulo ne aka barbaɗa a kan dakakken farin dutse. Yana riƙe ƙwallo, ya rage mata gudu, ya ɗaga ta sama, har bugun da zai kashe wasa a Landan ya zama abin da ake iya cimmawa a mayar. A nan sai mai numfashi, mai iya maimaita bugu ashirin ba tare da hannunsa ya karkace ba, mai lura da inda abokin karawarsa ya fara gajiya. Evert, wadda mahaifinta ya koya mata wasa a filayen ƙasa na Fort Lauderdale a jihar Florida, ta ci wasa 125 a jere a kan irin wannan fili daga 1973 zuwa 1979, ta kuma ɗauki kofin Faransa sau 7. Wannan ne dattijon ya kira jira. Mu da muka tashi muna kallon manomin fadamar Rima yana ban ruwa kwami bayan kwami a cikin zafin Afrilu, mun san haƙuri aiki ne, kuma aiki mai cin jiki.

Ba zan tauye wa Navratilova haƙƙinta ba. Ta taɓa doke Evert sau 13 a jere, kuma a 1984 ta bi ta har Faris ta ci ta 6-3, 6-1 a wasan ƙarshe. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne shekarar da ta biyo baya, lokacin da Evert, bayan ta sake horo ta ƙara ƙarfin jiki, ta dawo wannan filin ta ƙwato kofin da 6-3, 6-7, 7-5, ta kuma maimaita a 1986. Ga shi ita ma ta ci Wimbledon sau 3. Ban ji dattijon ya ambaci wannan ba, domin a ganina mutanen nan sun saba auna kowa da mudun gidansu, duk abin da ba ya tsiro a ƙasarsu kuma sai su ɗauke shi koma-baya.

Ita kanta Navratilova ai 'yar jan ƙasa ce. A kan irin wannan fili ta koyi wasa a Chekoslobakiya, kafin ta nemi mafaka a Amurka a 1975 tana da shekara 18, ta bar mahaifiyarta da ƙanwarta ba ta san ranar sake ganinsu ba. Sunanta ya fito ne a kan ciyawar wasu, kuma sai a 1986 ta sake taka Prag, babban birnin ƙasar haihuwarta, ta zo wa Amurka wasa a gasar ƙasashe, Evert tana gefenta a ƙungiya ɗaya. A kan jan ƙasa aka yi gasar, suka ci ƙasar haihuwarta a wasan ƙarshe, mutanen garin suna tafa mata, ita kuma tana hawaye.

Wannan hoton ne ya hana ni barci, fiye da maganar dattijon. Shekarata tara a nan, na koyi tafiya a kan ciyawarsu ba tare da na zame ba, amma zuwana gida na ƙarshe na cire takalmi a tsakar gidanmu da azahar, ban iya taku biyar ba sai da na nemi inuwa, 'ya'yan yayana kuwa suna ta guje-guje a kan ƙasar nan babu ko silifa. Na riga na gaya wa Yaya cewa bana da hunturu zan turo yarana biyu su yi wata guda a wurinsa, kuma na roƙe shi kada ya hana su fita wasan ƙwallo a filin bayan gida.