Motar caji a gidan haya mai mita ɗaya

Shekarata goma sha biyu a Kumasi, kuma har yau in mun yi waya da 'yan gida a Kano da wuta nake musu gori. Can in an kawo wuta yara ke ihu a layi, nan kuwa sai an ɗauke ake jin surutu. Na ga dumso, wato matsalar ɗauke wuta ta Gana, na 2015 da idona, amma ko shi ɗin wlh bai kai abin da muka tashi a ciki ba. Sai dai kwanan nan na gane akwai abin da rashin wuta ya koya mana wanda mutanen nan ba su koya ba.

Bakano ya san nauyin kayan gidansa. Janareta ce ta koya masa. Kafin uwargida ta jona dutsen guga sai ta ce a kashe firiji, yaro ɗan firamare ya san in aka kunna hita janareta za ta yi tari ta mutu. A nan kuwa mutum zai shekara talatin a gida bai taɓa tambayar kaurin wayar da ke cikin bangonsa ba, tunda duk abin da ya jona yana kamawa.

Gidan da nake haya a Aboabo ɗaki goma sha ɗaya ne, mita ɗaya, kuɗin wuta ana raba shi ne da lissafin kwan fitila da fanka da firijin kowa. Ɗan maigidan namu ya sauko da motar lantarki ta hannu daga tashar Tema, fetur ya ishe shi, kuma ban ga laifinsa ba. Daga Amurka ta zo, can soket ɗin gida bolt 120 ne, mu nan 230 kamar Najeriya, don haka ya sayi wata igiyar cajin da ta dace. Har nan ya yi daidai. Sai ya ɗauko doguwar wayar ƙari irin ta biki, ya zuro ta ta tagar ɗakin maigidan, Baba Alhaji, har ƙofar gida ya jona.

Dare na uku na fito alwala na ji ƙaurin roba. Na taɓa filogin na janye hannu ba shiri, bakin soket ɗin ya yi ja kamar ƙosan da ya wuce wuta. Da safe na ce, Baba Alhaji, Allah Ya ƙara maka lafiya, a cire wannan abu kafin ya tashi gidan nan. Ya ce kai Malam, ai butar shayina a nan nake jona ta shekara da shekaru. Na ce gaskiya ne Baba, amma butar minti uku take ta kashe kanta, wannan kuwa kwana take tana zuƙa.

Ni ba injiniya ba ne, kayan wuta nake sayarwa tun ina Sabon Gari, amma lissafin ba wuya. Igiyar soket tana jan ampiya 10 ne, kusan kilowat 2.3, batir mai kilowat-awa 40 in ya yi ƙasa sosai zai ci awa goma sha bakwai ko fiye kafin ya cika, to tsohon soket da sukurorinsa suka saki, da wayar da aka yi wa haɗi uku a cikin silin aka naɗe da tef tun zamanin da babu ko firiji a gidan, ta ina za su jure zafin awa goma sha bakwai ba hutu? Cajar bango kuma, wadda kowa ke sha'awa don tana gamawa a kamar awa shida, kilowat 7 ce, ampiya 32. Kamar ka kunna esi shida lokaci guda ka bar su har asuba.

Irin wannan cajar layinta take so ita kaɗai tun daga allon rabon wuta, da birekarta, da waya mai kaurin sikwaya milimita 6, in da nisa ma 10, ba 2.5 ɗin da ake ja wa soket ba. Tana son na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara zurarewa, kuma ba kowace iri ba, sai wadda ke gane irin wutar batir, wasu cajojin da ita suke zuwa a ciki wasu babu, a tambaya. Sannan wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa ta sandar ƙarfe da ake binnewa. Mota ƙarfe ce a tsaye a waje, ga ruwan Kumasi da ba ya sallama, ga yara ba takalmi suna jingina da ita. Da muka tona inda aka ce an binne sandar gidanmu sai muka tarar wayar ta tsinke tuntuni, tsatsa ta cinye, wato duk shekarun nan a haka muke zaune.

Kuma ko ka gyara cikin gida, wayar da ta sauko daga falwaya da mitar kanta suna da iyakarsu. Dole a je ECG, kamfanin wuta na nan, a nemi mita daban, in mutum yana son mai kilowat 11 ma sai layi uku. Abin da ya burge ni a Gana, tun dokar 2011 hukumar makamashi, Energy Commission, ke ba masu aikin wayarin lasisi, kana iya cewa mutum ya nuna maka katinsa kafin ya taɓa bangonka. Mu can an fi tambayar wa ya kawo shi.

A Kano da wuya wannan kuskuren ya faru, ba don mun fi wayo ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake ta maganar ababen hawa masu caji, amma duk wanda zai saya tambayarsa ta farko ita ce da me zan yi caji, sai ya zauna ya ƙirga sola da inbata, ya ga ƙaramar inbatar gida ba ta ɗaukar kilowat 7. Nan kuwa wutar tana nan, shi ya sa ba a ƙirgawa.

Rigimar da ta fi ƙaurin robar ma ita ce ta katin mita. Kuɗin da muke sakawa ya kai mu mako biyu ya ƙare a kwana huɗu. Hajiya mai koko, da kwan fitila ɗaya da fanka ɗaya, ta tsaya tsakar gida ta ce ita dai a gaya mata motar nan kwan fitila nawa ce a lissafi. Ba wanda ya iya amsawa. Yanzu an cike takardun neman mita, motar na ƙofar gida an rufa mata tamfol, mai ita kuma kullum da safe sai na gan shi a bakin titi yana tsayar da firagiya, Keke Napep ɗin nan.